Biskit ɗin Amarya

Ni fa ban taɓa kunna risho ba sai da na haura shekara sittin. Ba alfahari nake yi ba, haka muka taso. Direba ne ni, rabin rayuwata a kan hanyar Taminus zuwa Bukuru zuwa Vom na yi ta, in fita da asuba, in dawo in tarar da tuwo a rufe cikin kwano. Ban taɓa tambayar yadda garin masara yake zama tuwo ba. Da mai ɗakina ta rasu, Allah ya jiƙanta, sai na wayi gari a gidanmu na unguwar Kongo Rasha ni kaɗai, ga tukwane jere a kicin, ban san wadda ake dafa shinkafa a ciki ba. Mota kuma na riga na ajiye ta, ido ya ƙi. Maƙwabta sun yi ƙoƙari, suka yi ta aiko da abinci har aka yi sadakar arba'in, daga nan kowa ya koma kan hidimar gabansa, kuma ban ga laifinsu ba.

Ana ta yi mini ta'aziyya, amma ba wanda ya gaya mini yadda shirun gida yake. Mutumin da ya saba da ihun kwandasta da rigimar fasinja, a ce tun safe har azahar ba wanda zai ce masa ko sannu! Rediyo nake kunnawa, har na fara mayar wa mai karanta labarai magana. Ranar da na tsinci kaina ina yi wa agogon bango faɗa don ya yi latti, na ce to, abin ya fara yawa.

Abu ɗaya ne yake raba mini yini biyu, shi ne jikata. Lokacin tana aji biyu na firamare, makarantarsu na bayan layinmu. Tun kakarta na da rai aka tsara cewa in an tashi ta zo gidanmu ta zauna har uwarta ta dawo daga aiki. Uwar tata a Vom take aiki, wajen masu gwajin madara, sai bayan la'asar take isowa gari ta ɗauke ta a keke mai ƙafa uku. Da kakar ta rasu ba wanda ya canza tsarin, ni kuwa na yi gum da bakina don kada a tuna a canza.

Amarya nake ce mata, kamar yadda kowane kaka yake tsokanar jikarsa. Ita kuma ta ce mini tsohon ango. Kafin in ga fuskarta nake jin takalminta, don ba ta iya buɗe ƙofa da hannu, sai da ƙafa.

"Tsohon ango! Me ka ajiye mini yau?"

"Na ajiye miki takardar saki. Wace irin amarya ce wannan da ba ta gaisuwa?"

"Kai ma wane irin ango ne ba haƙora?"

Haƙorana kuwa suna nan, biyu ne kawai suka yi hijira. Amma haka za mu yi ta yi, ta jefar da jaka a kan tabarma, ta ba ni labarin wadda aka zane da wanda ya yi fitsari a wando, gidan ya cika da mutum ɗaya kamar an yi baƙi goma.

Matsalar ita ce yunwa. Yarinya ta dawo daga makaranta da ciki a lafe, ni kuma ko ruwan zafi maƙwabciya ce take zuba mini a fulas da safe. Abincina na rana kuwa a wajen mai shinkafa da wake na bakin titi nake saya, ga barkono kamar an yi da gayya, yarinyar ta ɗanɗana sau ɗaya ta yi ta hawaye. Sai na hau keke na tafi Taminus, wajen masu sayar da kayan kwalama a sari, na ce wa wani mai shago a ba ni abin da yaro zai ci ya ƙoshi. Ya jawo kwalin biskit mai kirim a tsakiya, ya nuna mini ledar. Ga hoton saniya, ga zangarniyar alkama, ga kofin madara yana tumbatsa.

"Baba, wannan ai abinci ne cikakke," in ji shi. "Ka ga nan, har da bitamin a ciki."

Ni da na yi shekaru ina wuce shanun Vom safe da yamma, wa zai gaya mini darajar madara? Na ɗauki kwali guda, na haɗa da ledar minti mai ɗanɗanon lemo, don shi ma hoton lemo ne a jikinsa. A hanya ina ta yaba wa kaina. Abu a rufe daga kamfani, ba ƙuda, ba hannun kowa, ba irin awarar da ake soyawa a man da ya yi baƙi kamar na juyen mota ba. Wallahi a lokacin gani nake na fi iyayen zamani dabara.

Amarya ta ji daɗi, ni ma na ji. Takan ɓare biskit ɗin gida biyu, ta lashe kirim ɗin tas, ta miƙo mini busasshen ta ce, "Ungo, rabon maigida." In karɓa in tsoma a shayi. In ta cinye leda ɗaya ta langaɓe kai, in ba ta ta biyu. Wata rana har ta uku, da minti a kai wai na wanke baki. Ban iya ce mata a'a. Ina tsoron ranar da za ta ce gidan tsohon ango ba daɗi.

Sai aka fara jin ƙorafi daga gidansu, wai ba ta cin tuwon dare. Na ce yara ai haka suke. Sai wata rana ta shigo ba ta bugi ƙofa da ƙafa ba, hannunta dafe da kunci. Ta zauna ta ɗauki biskit, ta ciza, ta saki ƙara. Na buɗe bakinta a hasken taga, na ga wani haƙori na can ciki ya yi rami baƙi ƙirin. Na lalubo kanumfari a kayan marigayiya, na daddaka da gindin kofi na danna mata. Ta kwanta a cinyata tana kuka ƙasa-ƙasa, ruwa na dukan kwano, ni kuma ina ta kallon ƙofa kamar ɓarawon da ke jiran 'yan sanda.

Uwarta 'yata ce ta fari. Tunda aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ban taɓa zama na yi hira da ita kamar yadda nake yi da ƙannenta maza da suke Abuja da Kaduna ba. "Ke" nake ce mata, ita kuma ta durƙusa ta gaishe ni idonta a ƙasa. Ba ƙiyayya ba ce, Allah ya sani, kunya ce, haka na ga ubana ya yi da yayanmu. Da can ba mu rasa komai ba, saboda mai ɗakina tana tsakani. In na ce, "Ki gaya mata ba sai ta wahalar da kanta ta zo ba," mai ɗakina ta san abin da za ta isar, washegari sai in ga 'yar tawa ta zo. Ita ce tafintarmu, kuma ban san aiki take yi ba sai da ta tafi.

An cire haƙorin a asibiti. Bayan kwana biyu uwar ta shigo ɗaukar 'yarta, maimakon ta tsaya daga bakin ƙofa kamar kullum, sai ta zauna a gefen tabarma. Idonta ya sauka a kan kwalin da ke ƙarƙashin tebur. Ta jawo leda ɗaya, ta juya bayanta, inda aka yi rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Da yake ba ma magana kai tsaye, sai ta juya wajen yarinyar.

"Ki gaya wa kakanki, bayan fulawa sukari ne ya fi yawa a cikin wannan, sai mai. Madarar da ke ciki ba ta kai ta jiƙa harshe ba."

Na ce, "Amarya, ki gaya wa uwarki akwai saniya a jiki. Ni ba makaho ba ne tukuna."

"Ki ce masa hoto ne. Ba laifi a ci ɗaya jefi-jefi bayan an ci abinci. Amma ba zai zama abincin rana ba."

"Ki ce mata da bitamin a ciki, mai shago ya karanta mini."

"Ki ce masa mai shago kayansa yake sayarwa."

Yarinyar tana tsakiya da auduga a baki, tana juya kai dama da hagu. Raina ya ɓaci. Ni da na yi ta jigilar mutane har na biya mata kuɗin karatun da take karanta mini bayan leda da shi! Na buɗe baki zan faɗi haka, sai ta riga ni, muryarta a sanyaye, har yanzu yarinyar take kallo.

"Yayar babanki ta ce in an koma sabon zango a mayar da ke makarantar unguwarsu. Gidanta da yara, kullum tukunya na kan wuta. Kakanki ma ya huta."

Ya huta! Na ji kalmar har cikin ƙashina. Suka tafi, na zauna a inda nake har aka kira magariba ban kunna rediyo ba.

Washegari na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na gwada abin a kaina. Ban sayi shinkafa ba, na ci leda biyu na biskit na kora da ruwa, na ce bari in ga ƙoshin da ake faɗa. Da farko ciki ya yi shiru. Kafin la'asar sai ga yunwa ta dawo da 'yan'uwanta, jiki na rawa, baki na ɗaci, ga wani abu ya manne a dasashi sai da na sa yatsa. Ashe abin toshe baki kawai yake yi, ya kashe wa mutum sha'awar abinci, ya bar shi da yunwarsa. Na ce Allah na tuba, wannan na yi ta ɗura wa 'yar mutane. Na ɗauki kwalin na ɗora a saman kabad, inda ni kaina sai na taka kujera.

Damina ce, sabon dankalin Turawa ya cika gari. Na je bakin Taminus wajen matan da ke kasa shi a ƙasa, na saya, na haɗa da karas da ayaba da gyaɗa. Matar da ta auna mini, wata 'yar ƙauyen bayan Bukuru, ta ce, "Baba, madam ya aiko ka?" Na ce eh, don ban ga dalilin buɗe mata cikina ba. Da na dawo na kulle ƙofar gida da sakata, kada wani ya leƙo ya ga tsohon direba durƙushe gaban risho. Na ƙarar da rabin kwalin ashana kafin lagwani ya kama, da ya kama kuma ya tashi da hayaƙi har ya lashe mini gashin hannu. Dankalin farko ya ƙone ta ƙasa, ta sama ɗanye. Na biyu ya narke ya zama kunu.

Amarya ta shigo ta shaƙi iska ta ce, "Me ya mutu a gidan nan?"

"Girki na yi miki."

Ta leƙa kwanon, ta dube ni, ta dubi ƙarƙashin tebur. "Ina biskit ɗina?"

"Ya ƙare."

"Ƙarya kake, tsohon ango. Ga shi can a sama."

Ta yi zuciya, ta koma lungu ta juya mini baya, ta ƙi ko ayaba. Ranar ba labarin makaranta, ba tsokana. Na zauna ina kallon ƙeyarta, wani tunani yana cin raina: to ko dama ba wajena take zuwa ba, wajen kwalin take zuwa? Sau biyu na miƙe zan jawo kujera, sau biyu na koma na zauna. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yinin ba, ga mutum a ɗaki amma kamar babu.

Haka muka yi kwanaki, ita tana yajin ci, ni ina ƙona tukwane. Sai wata rana yunwa ta ci ƙarfinta, ta biyo ni kicin ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallon aikina.

"Ba haka Kaka take yi ba. Tun a ruwa ake sa gishiri. Kuma ba a ɓare shi sai ya dahu."

"To malama, sai kuma me?"

"Ka soka masa cokali mai yatsu. In ya shige, ya yi."

Ashe duk zaman da take yi a gindin kakarta idonta na aiki. Ta nuna mini gwangwanin da marigayiya take ajiye yajin ƙuli, yana nan a bayan tulu da saura a ciki, ban taɓa sanin da shi ba. Muka yanka dankalin da zafinsa, muka barbaɗa yaji, muka ɗiga man gyaɗa. Ta ci, ta ƙara, ta suɗe yatsu. Ta ce, "Bai kai na Kaka ba, amma ba zan kai ka kotu ba." Na juya kamar ina neman murfin tukunya, don ƙamshin yajin nan ya tayar mini da abin da ban so ta gani.

Daga nan hannuna ya fara faɗawa. Na iya dafa ƙwai ba tare da ya fashe ba. Na iya kankare karas. Har faten dankali na gwada da alayyafo, ya yi ruwa amma ya ciwu. Biskit kuwa muka yi yarjejeniya, ranar Juma'a kaɗai, guda biyu, bayan ta cinye abin da ke kwano, sannan ta kurkure baki a gabana. Aka daina ƙorafin tuwon dare. Kowace yamma in uwarta ta zo, sai in bar kwanon da aka cinye a tsakar ɗaki inda dole ta gani, da ɓawon ayaba a gefe. Ban ce komai ba, ita ma ba ta ce ba. Amma na ga idonta yana sauka a kai, har sau ɗaya na ga ta kalli tabon ƙuna a hannuna ta kawar da kai da sauri.

Ranar da aka ba da hutu uwar ta zo da wuri. Ta ce wa yarinyar ta je waje ta jira mai keke. Tunda mai ɗakina ta rasu ba mu taɓa zama mu biyu a ɗaki ba. Ta durƙusa a bakin tabarma tana murza gefen mayafinta. Ni kuma na ɗauki carbi don hannuna ya sami abin yi.

"Baba," ta ce, "maganar makarantar nan. Gobe za mu ba su amsa." Ta saci kallon hannuna. "Na ga ana ta wahala da girki. In ba ta takura maka ba, ko a bar ta nan ɗin?"

Jama'a, tambaya ce aka yi mini a fili, amsarta kalma ɗaya. A cikina ina ihu: a bar ta, don Allah a bar ta, ita kaɗai ce take buɗe ƙofar nan. Amma ta yaya uba zai dubi 'yarsa ta fari ya ce mata yana jin kaɗaici? Ta yaya zan roƙe ta? Bakina bai taɓa koyon wannan hanyar ba, sai ya bi wadda ya sani.

"Ni me zan yi da wannan mai surutun? Ta cinye mini dankali, ta hana ni barcin rana. Ku kwashe kayarku."

Na faɗa da 'yar dariya, ina jiran ta gane. Da mai ɗakina na nan, da tuni ta leƙo daga kicin ta ce, "Rabu da shi, cewa yake a bar ta." Na saurara, har na ɗan karkata kai wajen kicin ɗin. Ba kowa sai risho.

Ta daɗe kanta a ƙasa. Ban sani ba ko ta gane tana jiran in ƙara kalma ɗaya, ko kuwa ta ɗauka da gaske ta ɗora wa tsoho nauyi. Ita ma ai 'yar kunyar nan ce, ba za ta sake tambaya ba.

"To, Baba," ta ce. "Allah ya huta gajiya. Mun gode."

Ta miƙe ta ɗauki jakar yarinyar da rigar sanyinta da ke rataye a ƙusa, wadda kullum ake bari a nan saboda ruwan yamma. Ganin an cire rigar nan daga ƙusa shi ya tashe ni. Na bi bayanta ba takalmi, na fito ƙofar gida. Sun riga sun shiga keke, mai keken yana ta murza wuta. Amarya ta leƙo tana ɗaga hannu tana cewa, "Tsohon ango, kar ka yi mini kishiya kafin in dawo!" Ba ta san komai ba.

Sunan uwarta yana bakina. Ni na raɗa mata shi a kunne da kaina ranar da aka haife ta, ban sake furta shi ba. Na san in na kira shi yanzu, a tsakiyar layi, za ta sa a tsaya, ba sai na ƙara ko kalma ba. Na cika ƙirji da iska, na buɗe baki.

"Ke!" na ce.

Wata mai tallan gyaɗa ta waigo, da wata mata mai goyo, da yarinyar maƙwabta da ke ɗibar ruwa a famfo. Keken ya sha kwana.